Ɗakin Cin Abinci Ya Tsufa, Aljihu Ba Nauyi: Abubuwan Ban Mamaki a Taƙaice

A gidajen zamani babu ɗakin da ake narka wa kuɗi sannan a ƙaurace masa kamar ɗakin cin abinci. Ka shiga sababbin unguwannin Kano ko Kaduna ko Yamai, za ka same shi a gefen falo, sau da yawa an ɗaga shi da matakala guda: tebur mai kujera 6, kabad ɗin gilashi maƙare da tangaran da miya ba ta taɓa gani ba, sai wata fitila mai lu'ulu'u da ƙura ta mayar ruwan toka. Shekara 15 ta wuce, fenti ya koɗe, yadin kujeru ya yi dauɗa, uwargida ta ce a sake, maigida ya shafa aljihu. Kafin a kira kafinta ko mai fenti, ga wasu labarai daga tarihin wannan ɗaki. Wasu na dariya ne, wasu na tsoro, wasu kuma za su rage maka kashe kuɗi.

Ba mu kaɗai ba ne

A farkon shekarun 2000 masu bincike na jami'ar UCLA sun shiga gidaje 32 a birnin Los Angeles na Amurka, suna rubuta inda kowane ɗan gida yake duk bayan minti 10. Da suka ɗiga sakamakon a kan taswirar gida, sai ga ɗige-ɗigen sun yi cincirindo a kicin da gaban talabijin. Ɗakin cin abinci na alfarma kuwa kusan wayam. Wato tambayar farko ba launin fenti ba ce. Tambayar ita ce, wa ke zama a nan, kuma sau nawa a wata?

Ko a Turai ma baƙo ne

Manyan gidajen Ingila na ƙarnonin tsakiya ba su da wani ɗaki na musamman don cin abinci. Faffaɗan katako ake ɗorawa a kan ƙafafu a babban zaure, a ci, a kwashe, a jingine shi a bango, wurin ya koma na kwana ko na shari'a. Sai a ƙarni na 18 ɗakin ya zama abin da kowane mai hali yake warewa.

Rumawa a kishingiɗe suke ci, a kan gadaje 3 da aka kewaye ƙaramin tebur da su, kowa ya dogara da gwiwar hannun hagu. Girkawa kuma sukan karkatar da ƙofar ɗakin zuwa gefe ɗaya don gadajen su jeru daidai a jikin bango, har yau da wannan karkatacciyar ƙofa masu tonon kufai ke gane ɗakin walima. Sarki Nero ya wuce kowa: marubucin tarihi Suetonius ya ce ɗakin cin abincinsa zagayayye ne, yana juyawa dare da rana.

Mu kuwa a shimfiɗa muka tashi. A Sahihul Bukhari, Anas bin Malik (RA) ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) bai ci abinci a kan tebur ba, a shimfiɗa ake ajiyewa. Don haka wanda ya sayar da teburin da ba kowa ke zama a kai, ya sa darduma mai kyau da matasai, bai yi wani abin kunya ba, ya ma sami canji.

Mai fentin da aka bar wa mukulli

A shekarar 1876 wani hamshaƙin mai jiragen ruwa ɗan Liverpool, Frederick Leyland, yana gyaran ɗakin cin abincin gidansa na Landan. Mai tsara gini Thomas Jeckyll ya kusa kammalawa. An lulluɓe bangon da tsohuwar fata mai tsada mai zanen furanni, an kafa kantoci don jera tangaran ɗin Sin mai shuɗi da fari. Sai mai zane James McNeill Whistler, wanda wani zanensa zai rataya a ɗakin, ya ce jan furannin nan ba su dace da zanensa ba, a bari ya ɗan taɓa su. Leyland ya ce to, ya koma Liverpool kan harkokinsa. Jeckyll kuma ciwo ya kwantar da shi.

Ɗan taɓawa ya zama aikin watanni. Whistler ya bi fatar nan ya shafe ta da shuɗi mai sirkin kore, ya bi silin da marufan tagogi da ruwan zinare yana zana gashin dawisu, har yana gayyato baƙi da 'yan jarida su zo kallo a gidan da ba na ubansa ba. Sannan ya nemi a biya shi gini 2,000 na kuɗin Ingila. Leyland ya ce rabi zai biya, kuma da fam ya biya, ba da gini ba. A Ingilar wancan lokaci wannan cin fuska ne. Gini ya ɗara fam da sule ɗaya, kuma da shi ake biyan masu zane da likitoci, fam kuwa na 'yan tireda da masu aikin hannu ne.

Whistler ya rama da buroshi. Ya zana dawisu biyu suna faɗa a bangon da ke fuskantar kujerar maigidan, ɗaya ya hura wuya, sulalla warwatse a ƙafafunsa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne Leyland bai sa an goge ba, ya ci gaba da amfani da ɗakin har ya rasu a 1892. A 1904 wani attajirin Amurka, Charles Lang Freer, ya sayi ɗakin ɗungurungum, aka kwance shi aka kai Detroit, yau kuma yana gidan adana zane na Freer a Washinton. Tarihi ya wanke mai zanen. Amma naka mai fentin ba Whistler ba ne, don haka a yi ciniki tun a gaba, kuɗin kaya daban, kuɗin aiki daban, a rubuta bangon da za a taɓa da wanda ba za a taɓa ba.

Rigar kyauta da ta jawo bashi

Masanin falsafar nan na Faransa, Denis Diderot, an ba shi kyautar jar rigar zaman gida mai tsada. Da ya sa ta ya zauna, sai ya ga kujerarsa ta kaba ba ta dace da rigar ba, ya sayi ta fata. Daga nan tebur ya yi masa muni, daga nan zanukan bango, ɗaya bayan ɗaya har ya sake ɗakin kaf ya shiga bashi. Wajen 1769 ya rubuta maƙalar nadama a kan tsohuwar rigarsa, kuma a 1988 masanin halayyar al'umma Grant McCracken ya sa wa wannan cuta sunan Diderot. A ɗakin cin abinci tebur ne jar rigar. Ranar da sabo ya shigo, ranar kujeru ke tsufa, labule ya biyo baya, tayil ma ya fara ba ka haushi. Shi ya sa masu hankali ke barin sayen tebur ya zama na ƙarshe, in ma an kai can.

Fadar shugaban Amurka ma ta sha

A 1861 majalisa ta ware wa uwargidan shugaban ƙasa, Mary Todd Lincoln, dala 20,000 don gyaran White House. Kafin shekara ta zagayo ta cinye har ta zarce, ana tsakiyar yaƙin basasa, mijinta ya fusata don sojoji na kwana ba bargo. A 1882 shugaba Chester Arthur ya fitar da tsofaffin kayan fadar cikin keken doki 24 aka yi gwanjonsu. Shugaba Theodore Roosevelt kuwa a 1902 kawunan namun daji ya jera a bangon babban ɗakin cin abinci, baƙi na ci, matattun dabbobi na kallonsu.

Koren da ke kisa

A 1775 masanin haɗa sinadarai ɗan Suwidin, Carl Wilhelm Scheele, ya haɗa wani kore shar mai ɗaukar ido. Ga kyau ga araha, sai Turai ta rufta masa: takardar bango, labule, kyandir, tufafi, har alewa. Matsalar ita ce da gubar asenik aka haɗa shi. Garin launin na kakkaɓowa a shaƙa, kuma a farkon shekarun 1890 likitan Italiya Bartolomeo Gosio ya nuna cewa funfunar da ke fitowa a danshi tana iya mayar da asenik iska mai guba. An ma sami asenik a wani guntun takardar bango daga gidan da aka tsare Napoleon a tsibirin Saint Helena, inda ya mutu a 1821, ko da yake likitocin da suka buɗe gawarsa ciwon dajin ciki suka gani.

Wannan ya wuce, amma ƙanwarsa na nan, wato dalma. Faransa da Beljiyam da Ostiriya sun hana farin fentin dalma a cikin ɗaki tun 1909, Amurka sai 1978 ta hana shi a gidaje. A ƙasashe masu tasowa an daɗe ana samun ta a fentin mai, musamman rawaya da ja masu sheƙi, irin wanda ake shafa wa ƙofa da taga da kujera. Ɓarɓashinsa zaƙi-zaƙi gare shi, yaro mai rarrafe ya ɗanɗana sau ɗaya zai koma. Mu ba sai an ba mu labarin dalma ba: a 2010 ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Zamfara, ko da yake ta can daga niƙan duwatsun zinare ta fito. Illar dai ɗaya ce, ƙwaƙwalwar yaro take taɓawa. Saboda haka kada a kankare tsohon fentin mai a bushe, kada a ƙona shi da wuta. A jiƙa kafin a goge, a fitar da yara da mai juna biyu daga wurin, a share da jiƙaƙƙen tsumma ba da tsintsiya ba.

Haka tsohon silin asbesto. Muddin yana zaune lafiya, a yi masa fenti a ƙyale shi. Fasa shi da huda shi ne ke tayar da ƙurar da ke maƙalewa a huhu, cutar kuma sai bayan shekara 20 ko fiye take bayyana.

Ko Leonardo danshi ya kayar da shi

Mutane da yawa ba su san cewa shahararren zanen nan na Leonardo da Vinci, na cin abincin ƙarshe da Kiristoci ke ruwaito wa Annabi Isa (AS) da almajiransa, adon bangon ɗakin cin abinci ne ba. Yana gidan ibadar Santa Maria delle Grazie a Milan, an yi shi tsakanin 1495 da 1498. Maimakon ya zana a kan ɗanyar filasta yadda aka saba, sai ya gwada sabuwar dabara a kan busasshen bango don ya yi aikinsa a nitse. Bangon kuwa mai danshi ne, tun Leonardo yana raye fentin ya fara ɓarewa. A 1652 mazauna wurin suka ga suna buƙatar ƙofa, suka huda ta a ƙasan zanen, ƙafafun hoton tsakiya suka tafi. Gyaran ƙarshe ya ci shekara 21, daga 1978 zuwa 1999.

Duk wanda ya ga ƙasan bangonsa na kumbura bayan damina, fenti na tashi, wani farin gari kamar kanwa na fitowa, to ruwa ne ke hawowa daga ƙasa ko daga bayan bango, sau da yawa daga bututun kicin ko banɗaki. A toshe hanyar ruwan, a bari bango ya bushe, a kankare, sannan a shafa. In ba haka ba, ko fentin nawa ka saya damina ɗaya zai yi.

Rawaya biyu, kuɗi biyu

Thomas Jefferson, shugaban Amurka na uku, ya shafa wa ɗakin cin abincinsa na Monticello wani rawaya mai ƙarfi wajen 1815, lokacin launin sabo ne fil kuma ya ninka farin fenti tsada ninkin-ba-ninki. Nuna hali ne kawai. Daga baya aka mayar da ɗakin shuɗi, maziyarta suka yi shekara da shekaru suna yaba nutsuwarsa, sai a 2010 aka dawo da rawayan bayan an bincika tsofaffin shafe-shafen bangon.

Mai zane Claude Monet shi ma rawaya ya zaɓa a gidansa na Giverny, inda ya tare a 1883, sai dai shi dabarar talaka ya yi. Bango, kabad, kujeru, duka ya bi su da rawaya kala biyu, mai haske da mai ɗan duhu. Kayan katakon na ƙauye ne, ba wani abin a zo a gani ba, amma launi ɗaya ya haɗa su suka zama kamar tare aka saye su. Yau dubban mutane ke biyan kuɗi su leƙa ɗakin. Mai kujeru 6 da ba su yi kama da juna ba, ga amsarsa nan a gwangwani ɗaya.

Sai dai kada a yarda da launin da ke jikin gwangwani. A shafa faɗin mita ɗaya a bango, a bari ya bushe, a duba shi da safe, da azahar, da kuma daddare a hasken fitila.

Manya ma suna dabara

Gidan George Washington na Mount Vernon daga nesa na dutse ne. Matso kusa: katako ne aka sassaƙa masa layuka, aka shafa fenti, aka watsa masa yashi tun bai bushe ba. A fadar Brighton ta Sarki George na IV, abin da ka ɗauka gora ce a matakala ƙarfe ne aka yi wa fenti. A Winchester kuma akwai wani ƙaton zagayayyen tebur rataye a bango, faɗinsa mita 5.5, nauyinsa kilo 1,200, ana ce masa teburin Sarki Arthur. Gwajin katakon ya nuna a ƙarni na 13 aka yi shi, ɗaruruwan shekaru bayan zamanin da ake danganta wa Arthur. Fentin da ke kansa kuma Sarki Henry na VIII ne ya sa aka yi, kuma Arthur ɗin da aka zana ya yi kama da Henry yana matashi. An ce araha ba ta ado, to sarakunan Turai dai ba su ji ba.

Takardar bango da abubuwan da ta haifa

A 1712 Ingila ta sa haraji a kan takardar bango mai zane. Sai mutane suka riƙa sayen farar takarda marar haraji, su manna, su kira mai zane ya bi ta da huddajjen kwali yana buga furanni. Sai 1836 aka soke harajin. Dabarar kwalin kuwa har gobe tana aiki: kwali, reza, soso da ragowar fenti.

Ƙullun wasan yara na Play-Doh asalinsa abin goge baƙin hayaƙin kwal ne daga takardar bango. Da gidajen Amurka suka daina ɗumama ɗaki da kwal kasuwarsa ta mutu, a 1956 aka sake fito da shi a matsayin abin wasa. Ledar nan mai ƙuraje da ake naɗe kayan fashewa, wadda yara ke son fasawa, a 1957 aka ƙirƙiro ta da niyyar ta zama takardar bango, ba wanda ya saya. Rolar fenti kuma ana danganta ta da wani mutumin Toronto, Norman Breakey, a 1940. Wasu suka kwaikwaya suka ci kasuwa, shi ya tashi a tutar babu.

Tun a shekarun 1770 mai tsara gini Robert Adam ya ce kada a lulluɓe bangon ɗakin cin abinci da yadi, don yana riƙe ƙanshin girki. Bai ma san daddawa da manja ba. Labule mai nauyi hawa uku da kafet daga bango zuwa bango ba na wannan ɗaki ba ne.

Kujera ta fi tebur wahala

A 1859 Michael Thonet ya fitar da kujerarsa mai lamba 14 a daular Ostiriya: katako 6 da aka lanƙwasa da tururi, kusoshin murɗi 10, noti 2. In aka kwance, guda 36 na shiga akwati mai mita ɗaya tsawo da faɗi da tsayi. Kafin 1930 an sayar da kusan miliyan 50. Kamfanin IKEA kuma yana ba da labarin cewa a 1956 wani ma'aikacinsa, Gillis Lundgren, ya kasa cusa tebur a mota, sai ya cire ƙafafun, daga nan aka fara sayar da kaya a kwance cikin kwali.

Juya taka kujerar ka duba. A yawancinsu kusoshin murɗi 4 ne ke riƙe da mazaunin, ɗaya a kowace kusurwa. Kwance su, mazaunin ya fito a hannunka. Cire tsohon yadi. In soson ya zama gari, yanko sabo. Shimfiɗa sabon yadin a ƙasa fuskarsa na kallon ƙasa, ɗora soso, ɗora katakon. Ja yadin ka kafa ƙusa ɗaya a tsakiyar gaba, ɗaya a tsakiyar baya, sannan hagu da dama, daga nan ka bi kowane gefe zuwa kusurwa kana ja daidai-daidai. Kusurwa ita ce ta ƙarshe, a ninke ta a kwantar. Wanda ya fara daga kusurwa zai gama da tattara a tsakiya. Turmin atamfa ɗaya ya ishi mazaunin kujera 6 har da ragowa, sai dai ba ta da ƙwarin yadin kujera, gidan da ke da yara gara a nemi mai kauri.

Kujerar da ke rawa kuma yawanci hunturu ne ya busar da katakon mahaɗar ta saki. Gam take so a ɗaure ta ta kwana. Ƙusa tsaga ta za ta yi.

Kafin a yar da tsohon tebur, a leƙa ƙarƙashinsa. In jijiyoyin itace sun bi har baki, katako ne na gaske, goge shi da shafa masa mai kawai yake jira. In bakin ya yi kama da dunƙulen gari, matsattsen allo ne na zamani, wanda ruwan kofi ɗaya ke kumbura shi. A Ingila farashin tsofaffin teburan mahogani ya faɗi warwas a 'yan shekarun nan don matasa ba su da wurin sa su. Maɗacin nan namu mai ɗacin ɓawo ɗan uwan mahogani ne, da sunan mahoganin Afirka ake sayar da danginsa a kasuwar duniya. Mai tsohon teburin maɗaci ya yi tunani sau biyu kafin ya musanya shi da mai sheƙi.

A gurguje

Fomekar da ta yi tashe a kayan ɗakin amare ba don kayan ɗaki aka ƙirƙiro ta ba. A 1913 aka kafa kamfaninta a Amurka don yin abin kare kayan lantarki.

Shimfiɗar linoliyam, kakar ledar ɗaki, Frederick Walton ne ya haɗa ta a farkon shekarun 1860 daga daskararren man da ke yin fata a saman fenti. Ita aka shimfiɗa a babban ɗakin cin abincin masu kuɗi na jirgin Titanic a 1912.

A ƙarshen 1968 wakilan da za su tattauna kawo ƙarshen yaƙin Biyetnam a Faris sun shafe makonni kusan 10 suna gardama a kan surar tebur, mai kusurwa ko zagayayye, ana can ana mutuwa. Zagayayye aka yi, da ƙananan tebura biyu a gefe. A ƙaramin ɗaki ma shi ya fi, ba kusurwar da za ta bugi ƙugu ko goshin yaro.

A wani gwaji da Charles Spence na jami'ar Oxford da abokan aikinsa suka wallafa a 2012, mutane sun ce kayan zaƙi ya fi zaƙi a farin faranti bisa baƙi, alhali abu ɗaya aka zuba musu.

Haske da madubi

A ƙarni na 17 madubi dukiya ce. Birnin Banis ne ke riƙe da sirrin yin sa, kuma gwanin da ya gudu da sirrin ransa na cikin haɗari. Duk da haka Faransa ta yaudaro wasu a 1665, aka kafa masana'anta, Sarki Louis na XIV ya jera madubai 357 a zaure ɗaya a fadar Versailles suna fuskantar tagogi. Dabarar ke nan har yau: madubi a bangon da ke kallon taga yana ninka haske, ɗaki ya buɗe. Abin da sarki ya yi da leƙen asiri, yau mai yankan gilashi a bakin kasuwa zai yi maka a yini ɗaya.

Gyara mafi araha kuwa ƙwan fitila ne. Duba kwalinsa. In an rubuta 6500K, haske ne fari fat mai sirkin shuɗi, yana kashe launin miya ya sa fuska ta yi fayau. Nemi 2700K ko 3000K. Fitilar da ke rataye ta sauko zuwa santimita 75 ko 90 daga saman tebur, kuma ta daidaita da tsakiyar teburin, ba tsakiyar ɗaki ba. Kada a sa ƙwai a saman fukafukan fanka, sai hasken ya riƙa ƙyafta ido a kan abinci.

Sauran awon ma ba su da yawa. Tsayin tebur wajen santimita 75, mazaunin kujera 45. Kowane mai ci yana son faɗin santimita 60. Tsakanin tebur da bango a bar 90, don a ja kujera a tashi ba tare da an goge fenti ba. Ɗakuna da yawa da ake cewa sun tsufa, tebur ne kawai ya yi musu girma.

Abin da ke ɗakin kaka

A shagunan kayan ado na Turai da Amurka yanzu ana sayar da faifai da kwanduna daga Bolgatanga ta Gana da Binga ta Zimbabuwe, a jera su a bangon ɗakin cin abinci, farashi ba kama hannun yaro. Jera faranti a bango ma ya dawo yayi. Iyayenmu mata da suka yi jeren tasoshi da langa da kumbo tun daga ƙasa har rufi sai dai su yi murmushi. Shafen farar ƙasa, wanda muka raina, shi ma can ya zama na masu kuɗi, don yana barin bango ya fitar da danshi kuma funfuna ba ta son sa. Aibinsa ɗaya, yana iya gogewa a riga, don haka ya fi dacewa da saman bango inda kafaɗa ba ta kaiwa. Faifai 7 ko 9 masu girma daban-daban, a fara gwada jerinsu a ƙasa kafin a taɓa ƙusa, sun fi duk wani hoton kwandon inabi da aka buga a masana'anta.

Lissafin fenti

Ɗaki mai mita 3 da mita 4, tsayinsa mita 3, bangonsa murabba'in mita 42 ne. Cire ƙofa da taga, saura wajen 38. Shafi biyu ya zama 76. Lita ɗaya ta fentin ruwa mai kyau tana rufe kusan murabba'in mita 10, wato lita 8 kake buƙata, galan biyu masu lita 4, ƙara ɗaya in za a haɗa da silin ko in tsohon launin mai duhu ne. In mai fenti ya rubuto maka bokiti biyu masu lita 20 don wannan ɗaki, tambaye shi gidan wa zai kai sauran.